Hanyar Ƙaiƙayi Daga Fata Zuwa Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1687, a garin Liborno da ke gaɓar tekun Italiya, wani matashin likita mai suna Giovanni Cosimo Bonomo ya tsaya ya lura da abin da matan talakawa ke yi wa 'ya'yansu masu ƙazuwa. Mace za ta zaunar da yaro, ta ɗauki allura, ta tsokano wani ɗan mitsitsin abu daga cikin ƙurjin, ta ɗora a farce ta murƙushe. Likitocin zamanin ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, domin a karatunsu ƙazuwa daga gurɓatar jini take zuwa. Bonomo da abokinsa mai harhaɗa magunguna, Diacinto Cestoni, suka sa abin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga ƙwaro da ƙafafunsa yana motsi. Suka zana shi, suka aika wa babban masani Francesco Redi bayani a wasiƙa. Duk da haka manyan likitoci ba su sallama ba sai a 1834, lokacin da wani ɗalibi ɗan tsibirin Kosika, Simon François Renucci, ya ciro ƙwaron da allura a gaban malamansa a asibitin Saint-Louis na birnin Faris. Shi ma a wurin matan ƙauyensu ya koyi dabarar.

Amma sanin abin da ke taɓa fata rabin zance ne. Ta wace hanya labarin ke tashi daga fata har ya kai ƙwaƙwalwa? Me ya sa idan ya kai ba ya zama raɗaɗi, sai ya zama wannan abu da ke hana mutum zama lafiya har sai ya kai hannu? Tun a 1660 wani likitan Jamus, Samuel Hafenreffer, ya bayyana ƙaiƙayi da cewa ji ne marar daɗi da ke sa mutum son yin susa. Har yau da wannan bayanin ake aiki, kuma ya nuna bambancin da daga baya aka yi sakaci da shi: raɗaɗi janye hannu yake sa mutum ya yi, ƙaiƙayi kuwa kai hannu yake sa shi.

A ƙarni na 19 aka fara bin jijiyoyin ji ɗaya bayan ɗaya. Johannes Müller ya kafa ƙa'idar cewa abin da mutum ke ji ya dogara ne da jijiyar da aka motsa, ba da abin da ya motsa ta ba. Shi ya sa wanda aka buga wa ido yake ganin walƙiya ko da a cikin duhu ne. A 1882 Magnus Blix na jami'ar Ubsala a Suwidin ya gano cewa fata ba ta ji bai ɗaya: akwai ɗigon da ke jin sanyi, akwai wanda ke jin ɗumi. Sai Max von Frey a Jamus ya manna gashi mai kauri daban-daban a bakin 'yan sanduna, ya riƙa tsikarar fata ɗigo-ɗigo, ya ware wuraren taɓi da na raɗaɗi. Kowane ji ya samu jijiyarsa. Da aka zo kan ƙaiƙayi, a 1922, von Frey ya ga cewa wuraren da ke ba da shi su ne dai wuraren da ke ba da raɗaɗi. Sai ya yanke cewa ƙaiƙayi raɗaɗi ne da bai kai ya kawo ba: a motsa jijiyar kaɗan, a ji ƙaiƙayi, a ƙara ƙarfi, a ji zogi.

Ba wauta ba ce. Likitocin fiɗa da ke yanke wata hanya a gefen lakar baya don sauƙaƙa wa masu ciwon daji azaba sun ga cewa ƙaiƙayi ma yana tafiya tare da raɗaɗin. Mutanen da aka haifa ba sa jin raɗaɗi, galibi ƙaiƙayi ma ba sa ji. Sai dai akwai hujjojin da ke gefe guda, waɗanda kowace ma'aikaciyar jinya ta sani. Allurar mofin tana kashe raɗaɗi amma tana tayar da ƙaiƙayi, musamman idan a gadon baya aka yi ta. Ƙaiƙayi komai tsananinsa ba ya rikiɗa ya zama zogi. Kuma ciki da ƙashi da haƙori duk suna ciwo, amma ba wanda hanjinsa ya taɓa yi masa ƙaiƙayi; abin na fata ne da bakin ido da hanci da makamantansu. An ga duk wannan, aka kau da kai har fiye da shekara saba'in. A ganina nan ne ɓarnar ta faru. Da zarar an ce abu ƙaramin raɗaɗi ne, to ba mai ware masa kuɗin bincike, ba mai buɗe masa sashe a jami'a, kuma majinyacin da ya kwana yana yagar fatarsa za a ce masa ya yi haƙuri, ai ba ciwo ba ne.

Abu ɗaya da ya ci gaba a wancan lokaci shi ne sanin sinadarin histamin. Henry Dale da Patrick Laidlaw sun bayyana aikinsa a Landan a 1910. A 1927 Thomas Lewis ya nuna abin da yake yi a fatar mutum: wurin ya yi ja, jan ya bazu, sannan ya tashi ya kumbura, kamar dai yadda cizon sauro ko borin jini ke yi. A cibiyar Pasteur ta Faris, Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka samo sinadarin farko da ke tare histamin a 1937, Bovet kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1957. A 1953 aka tabbatar a garin Dandi na Sukotlan cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a fata su ne rumbun histamin, su ke zubar da shi idan aka tsokane su. Daga wannan zuri'ar magunguna Piriton ya fito, wanda babu kemis ɗin da za ka shiga a Kano ko Maraɗi ka rasa shi ko ɗan'uwansa. Maganin ya yi aiki a kan borin jini da cizon ƙwari, kuma nasarar ta yi yawa har ta rufe ido. Aka wayi gari kowane ƙaiƙayi histamin ake ɗora wa. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon hanta da shawara, tsoho mai busasshiyar fata, yaro mai ƙyasfin gado da ke kwana yana kuka, duk ƙwaya ɗaya ake miƙa musu. Barci take sa su, ba ƙaiƙayin take kashewa ba.

Wanda ya fara tona asirin wannan kuskure tsiro ne da manomi da makiyayi suka sani sarai: ƙarara. Duk wanda ya taɓa ratsa kurmi ko bakin fadama ya goga kwanson ƙarara ba ya bukatar a yi masa bayani. A 1955 wasu likitocin fata biyu a Filadelfiya ta Amurka, Walter Shelley da Robert Arthur, suka riƙa tsinke gashin kwanson ɗaya-ɗaya da hantsaki suna soka shi a fatar mutum. Gashi ɗaya tak ya isa ya tayar da ƙaiƙayi mai tsanani na 'yan mintuna. Da suka dafa gashin, sai ya daina aiki, ko da yake tsininsa na nan. Ke nan ba sukar ba ce, wani abu ne da ke jikinsa wanda zafi ke lalatawa. Suka gano furotin ne mai yanka wasu furotin, suka sa masa suna mukunain, daga sunan tsiron a Latin. Sun kuma nuna cewa ƙaiƙayi ya fi ƙarfi idan tsinin ya tsaya daidai inda fatar sama ta haɗu da ta ƙasa. Idan ya zarce ciki, zogi ake ji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙaiƙayin ƙarara ba ya zuwa da jan nan mai bazuwa irin na histamin. Wannan aiki ya kwanta fiye da shekara hamsin kafin a dawo kansa. A 2007 da 2008 aka tabbatar cewa maganin histamin ba ya taɓa ƙaiƙayin ƙarara, cewa jijiyoyin da ke ɗaukarsa daban suke da na histamin, kuma ƙungiyar Ethan Lerner a Boston ta gano inda mukunain ke kamawa a jikin jijiya.

A nan ya kamata a bayyana abin da ake nufi da kamawa. Bakin kowace jijiyar ji da ke fata yana ɗauke da wasu furotin da za mu kira makarɓa. Kowane makarɓi tamkar kwaɗo ne da ba ya buɗuwa sai da makullinsa. Idan sinadarin da ya dace ya shiga, sai wasu ƙofofi a jikin jijiyar su buɗe, gishirin da ke wajenta ya kwarara ciki, tartsatsin lantarki ya tashi ya bi jijiyar har lakar baya. Histamin da nasa makarɓin, ƙarara da nata.

Makulli na uku mu muka fi kowa saninsa. Wanda ya yi wayo kafin 2005, shekarar da Nijeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro na farko zuwa haɗin da ke da atemisinin, ya san kulorokwin. Ya kuma san cewa a kusan kowane gida akwai wanda ke gudunsa fiye da yadda yake gudun zazzaɓin. Sa'o'i kaɗan bayan an sha, sai a ji kamar ana tsikarar jiki da allurai ta ciki, a tafin hannu, a tafin ƙafa, a kai, ba ƙurji ba kumburi, ba abin da za ka nuna wa likita. Yakan kai kwana biyu ko uku. Turawa da mutanen Asiya ba kasafai yake yi musu haka ba, shi ya sa littattafan magani da aka rubuta a can suka wuce shi da layi ɗaya. Likitocin Nijeriya ne suka tsaya a kai. A 1964 Ekpechi da Anezi Okoro suka wallafa bayanin yanayin wannan ƙaiƙayi a wata mujallar likitocin fata ta Amurka. Daga baya A. A. Ajayi da abokan aikinsa a Ile-Ife suka yi shekaru suna binsa, suna gwada magunguna, suna nuna cewa abin ya zama ruwan dare, yana bin dangi, kuma maganin histamin da ake haɗawa da kulorokwin ba ya yin wani abin kirki. Ba ƙaramar magana ba ce, domin mutum yakan yanke shan magani a tsakiya saboda tsoron ƙaiƙayi, zazzaɓin kuma ya dawo.

Irin wannan raini ya faru da cutar makantar bakin kogi. Shirin yaƙi da ita da aka fara a Afirka ta Yamma a 1974 makanta ya sa a gaba. Sai a tsakiyar shekarun 1990, da aka shiga ƙauyuka a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, aka tambayi masu cutar da kansu, aka ji cewa ga da yawansu ƙaiƙayin da ke hana barci da noma da aure shi ne babbar masifa. Wannan na cikin hujjojin da suka sa aka faɗaɗa rabon maganinta, ibamektin, a 1995.

Jijiyar ƙaiƙayi kanta ba a kama ta ba sai a 1997. Tun ƙarshen shekarun 1960 Karl-Erik Hagbarth da Åke Vallbo a Ubsala suka ƙirƙiro dabarar soka siririyar allurar ƙarfe cikin jijiyar mutum yana farke, a saurari tartsatsin zare ɗaya yayin da shi kuma yake faɗin abin da yake ji. Martin Schmelz da Hermann Handwerker na Erlangen a Jamus, tare da Erik Torebjörk na Ubsala, suka yi amfani da ita a jijiyar da ke ratsa gefen gwiwa. Suka shigar da histamin a fatar ƙafa, suka tarar da wasu 'yan zaruruwa da ba a taɓa kula da su ba, domin ko an matsa fatar ko an tsikare ta ba sa motsi. Amma da histamin ya shiga sai su fara harbi, su ci gaba na mintuna, kuma harbin yana hawa da sauka daidai da yadda mutumin ke cewa ƙaiƙayin ya ƙaru ko ya ragu. Zaruruwan sirara ne ƙwarai, saƙo na tafiya a cikinsu kimanin rabin mita a daƙiƙa, alhali jijiyar taɓi tana yin mita hamsin ko fiye. Zare ɗaya kuma yana iya rassa a fili mai faɗin da ya kai milimita 85. Wannan ya bayyana abin da kowa ya sani a jikinsa: ƙaiƙayi a hankali yake tasowa, kuma da wuya ka sa yatsa daidai inda yake. A 2001 David Andrew da Bud Craig a Arizona suka samu irin waɗannan ƙwayoyi a lakar bayan kyanwa, masu ɗaukar saƙon zuwa ƙwaƙwalwa.

Daga nan aiki ya koma kan ɓera, saboda shi ake iya cire wa ƙwayar gado a ga abin da ya rasa. A 2007 Yan-Gang Sun da Zhou-Feng Chen a jami'ar Washington da ke Sent Luwis suna neman ƙwayoyin gado na raɗaɗi, suka ci karo da wani makarɓi a lakar baya mai suna GRPR. Ɓerayen da ba su da shi suna jin zafi da tsikara yadda ya kamata, amma susarsu ta ragu sosai. Bayan shekara biyu suka haɗa wani sinadari da asalinsa daga fatar kwaɗon ruwa aka samo shi da wata gubar tsiro, suka kashe ƙwayoyin da ke ɗauke da makarɓin kaɗai. Ɓerayen suka kusan daina susa gaba ɗaya, ko me aka sa musu, raɗaɗi kuwa yana nan daram. A shekarar dai, 2009, Qin Liu da Xinzhong Dong a jami'ar Johns Hopkins suka ɗauko kulorokwin, saboda rahotannin da suka fito daga Afirka sun riga sun nuna cewa ƙaiƙayinsa ba na histamin ba ne. Suka gano makarɓinsa, MrgprA3 a ɓera, MRGPRX1 a mutum, a jikin wani ɗan rukuni da bai wuce kashi biyar cikin ɗari na jijiyoyin ji ba. Abin da iyayenmu suka yi ta faɗa a ɗakin magani ana ce musu su ƙara Piriton, ashe da jijiyarsa da makarɓinsa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2013. Ɓera ba ya magana, to yaya za a san ƙaiƙayi yake ji ko zogi? Steven Shimada da Robert LaMotte na Yale sun warware wannan a 2008: a yi masa allura a kumatu, idan zogi ne da ƙafar gaba yake shafewa, idan ƙaiƙayi ne da ƙafar baya yake sosawa. Liang Han a ɗakin binciken Dong ya samar da ɓeran da babu makarɓin sinadarin barkono a duk jikinsa sai a waɗancan jijiyoyi na kulorokwin. Aka sa masa sinadarin barkono a kumatu, abin da ke sa kowane ɓera shafa saboda raɗaɗi. Wannan sai ya ɗaga ƙafar baya ya hau susa. Ƙa'idar Müller ta tabbata a kan ƙaiƙayi, ra'ayin von Frey kuma ya faɗi. Duk da haka von Frey bai yi ƙarya a abin da ya gani ba. Jijiyoyin ƙaiƙayi suna ɗauke da makarɓan raɗaɗi ma, kuma a lakar baya hanyoyin biyu suna hawa kafaɗa da kafaɗa. Idan wuƙa ta yanke ka dukansu ke tashi, sai dai raɗaɗin ya danne ɗan'uwansa.

Wannan dannewar ita ce sirrin susa. Farce ɗan raɗaɗi yake jawowa, raɗaɗin kuma yana tayar da wasu ƙwayoyi a lakar baya waɗanda aikinsu hana saƙon ƙaiƙayi wucewa. A 2009 Steve Davidson da Glenn Giesler a Minesota suka ga haka a biri: ƙwayar da ke harbi saboda histamin tana yin shiru idan aka sosa fatar, amma idan harbin na barkono ne susa ba ta kashe shi. A 2010 Sarah Ross ta nuna cewa ɓeran da ya rasa waɗannan ƙwayoyi masu hani yana sosa kansa har ya yi gyambo, ba tare da komai ya taɓa fatarsa ba. Ke nan ana iya samun ƙaiƙayi mai tsanani alhali fata lafiyarta lau, matsalar tana ciki. A ƙwaƙwalwa kuma, hoton farko da aka ɗauka a Sitokom a 1994 ya nuna cewa ƙaiƙayi yana kunna sassan da ke shirya motsin hannu tun mutum bai motsa ba, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna susa tana taɓa sassan jin daɗi. Saboda haka faɗa wa yaro mai ciwon fata ya daina susa, ba tare da an kashe masa ƙaiƙayin ba, ɗora masa abin da babba ma ba ya iyawa ne. Illar kuma gaskiya ce: susa na yage fata, ta tayar da ƙwayoyin garkuwa, su kuma su zubo sinadaran da ke sake kunna jijiyar.

Ta wannan kafa ce magunguna na gaske suka fara fitowa. A 2004 masu bincike a Siyatil suka gano wani saƙon garkuwar jiki, IL-31, wanda idan ya yi yawa a jikin ɓera yake sosa kansa har gashi ya zube. Daga baya aka ga makarɓinsa a kan jijiyoyin ji kai tsaye. A 2017 Brian Kim da ɗalibinsa Landon Oetjen suka nuna cewa wani saƙon, IL-4, shi ma haka yake yi, yana sa jijiya ta riƙa zabura da ɗan abin da bai isa ya tayar da ita ba. A shekarar ce Amurka ta amince da allurar dupilumab, mai tare wannan hanya, kuma masu amfani da ita sukan ce ƙaiƙayin ya lafa tun fatar ba ta warke ba. Nemolizumab, mai tare IL-31, ya samu izini a Japan a 2022, a Amurka a 2024. Ga masu wankin ƙoda, waɗanda da yawansu ƙaiƙayi ke hana barci shekara da shekaru, an bi ta wani makarɓi daga dangin wanda mofin ke kamawa, amma mai kishiyar aiki: nalfurafin a Japan tun 2009, difelikefalin a Amurka a 2021, wanda ake zubawa a jijiya a ƙarshen kowane wanki.

Dupilumab ya shiga kasuwar Amurka a kan kimanin dala 37,000 a shekara. Mai wankin ƙoda a Zariya ko Damagaram, wanda kuɗin wankin kansa sai dangi sun yi karo-karo, ba wannan ne a gabansa ba, kuma ba na jin daɗin cewa ilimin da ƙorafin majinyatan Afirka ya taimaka wajen buɗewa ya tsaya a inda hannunsu ba ya kai wa. Amma akwai abin da ya riga ya iso kyauta. Likitan da ya san cewa hanyoyin ƙaiƙayi sun fi ɗaya ba zai maimaita maganin histamin wata uku ga wanda bai yi masa aiki ba. Zai duba ƙoda da hanta da jini da sukari, zai tambayi magungunan da mutum ke sha, zai nemi ƙazuwa a tsakanin yatsu, zai sa a riƙa shafa mai a lokacin hunturu, kuma idan alamu sun nuna jijiyar ce da kanta ta lalace, kamar bayan ciwon da ke fito da ƙuraje a layi ɗaya a gefen jiki, zai koma ga magungunan kwantar da jijiya irin su gabapentin, waɗanda akwai su a kemis ɗinmu.